Takarda Shaida Ce, Ba Alƙali Ba

Yau ina so mu taɓa wani zance da ya daɗe yana min yawo a rai, wato yadda mukan ɗauki tsohuwar takarda tamkar yankan wuƙa. Ana cikin gardamar tarihi, da zarar wani ya ce "ai a rubuce yake", shi ke nan ya rufe bakin kowa. Ni kuwa a ganina takarda shaida ce kawai, kuma shaida sai an yi masa tambayoyi kafin a karɓi maganarsa. Duk mai son rubuta tarihi, ko ɗan makaranta ne da malami ya ba shi aiki, wannan shi ne abin da ya kamata ya fara koya.

Ni ba ɗan jami'a ba ne, iyakata sakandare, sauran karatun a rumfar goron mahaifina na yi shi a nan Ibadan. Baba yana da littafin bashi da yake rubutawa da ajami, kuma sau da yawa 'yan kasuwa kan kawo masa rigima ya raba. Idan wani ya zaro takarda ya ce ga hujjarsa, Baba ba ya ɗokin karantawa. Sai ya tambaya: wa ya rubuta? Yaushe aka rubuta, ranar da aka sauke huhunan ne ko bayan an ɓata? Wa aka rubuta wa? Me mai ita zai samu idan an yarda da ita? Sannan ya juya ga ɗaya mutumin ya ce, "Kai ina taka?" Yakan ce takardar da aka rubuta bayan an yi faɗa, da fushi aka jiƙa tawadarta.

To, bari mu gwada waɗannan tambayoyi a kan wata wasiƙa da ta shafe mu duka. Gwamna Lugga ya ce a wajen watan Mayu na 1902 ya sami wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, inda Sarkin ya nuna bai yarda ko Bature ɗaya ya zauna a ƙasarsa ba, kuma babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Lugga ya sa fassararta ta Turanci a cikin rahotonsa, ya kafa ta a matsayin ɗaya daga cikin hujjojin kai hari. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris.

Wa ya rubuta? An ce Sarkin Musulmi ne. Amma abin da ke hannun mutane fassara ce, masu binciken da suka nemi asalinta na Larabci ba su same shi ba. Ke nan tsakaninmu da bakin Sarki akwai magatakarda, akwai tafinta, akwai kuma wanda ya buga ta. Wa zai amfana? Lugga, domin a lokacin gwamnatin Ingila ta fito ke nan daga yaƙin Afirka ta Kudu wanda ya ƙare a Mayun 1902 bayan ya ci mata kuɗi da rayuka, ba ta marmarin wani sabon yaƙi, saboda haka mai son ya ɗaga runduna sai ya nuna cewa tsokanarsa aka yi. Sai batun lokaci, wanda shi ne ya fi ba ni mamaki: Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba na 1902. Wanda Turawa suka tarar a Sakkwato shi ne Attahiru, wanda daga baya ya yi hijira aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na 1903. Wato wanda aka ce ya rubuta daban, wanda aka yaƙa daban. Wannan ba sai ka yi digiri za ka gano shi ba, jera kwanan wata kawai za ka yi.

Wani Bature da ya yi aikin mulki a Arewa, D.J.M. Muffett, ya fitar da littafi a 1964 inda ya nuna shakkarsa ƙwarai a kan wasiƙar. Amma a kula, shi ma shaida ne, ba alƙali ba. Rashin ganin asali ba ya tabbatar da cewa ƙirƙira aka yi, takarda tana ɓata, gara tana ci. Kuma babu mai musun cewa sarakunanmu ba su so zuwan Nasara ba. Magajin Keffi ya kashe Kyaftin Moloney a Oktoban 1902, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Don haka wanda ya ce "ƙarya ce tsagwaronta" don kishi, da wanda ya ce "gaskiya ce tunda Gwamna ya rubuta", duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Saura tambayar Baba ta ƙarshe: kai ina taka? Tamu tana nan. Lokacin da aka ci Sakkwato an sami tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H.F. Backwell ya fassara aka buga a Ikko a 1927. A nan za ka ji sarakuna suna magana da junansu, ba da Bature ba, kuma maganar cikin gida daban take da ta gaban baƙo. Akwai kuma Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954. Ita ta nuna cewa a cikin talakawa akwai waɗanda suka yi maraba da Turawa saboda sun gaji da harin bayi. Sai dai ita ma kusan shekara hamsin bayan abin ya faru ta ba da labarin, kuma Baturiya take gaya wa. Kowane shaida da inda ya tsaya ya hango.

Idan ka zo rubutawa fa? Shawarata ita ce, ka fara da faɗin matsayinka a fili, misali: wasiƙar 1902 ba ta isa ta zama dalilin yaƙin ba. Sannan ka kawo shaidunka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka faɗi ko shi wane ne da lokacin da ya yi magana. Ka raba abin da takarda ta ce da abin da kai ka fahimta, kada ka cusa mata magana a baki. Shaidar da ta saɓa maka kada ka ɓoye ta a ƙarƙashin tabarma, kawo ta ka amsa ta. Inda hujja ta tsaya, kai ma ka tsaya. Ɗan kasuwar da ya ƙara ƙwarya ɗaya ta goro a lissafi, ranar da aka gano shi duk littafinsa ya zama banza.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni shi ne, mu mazauna Kurmi tarihinmu a hannun wasu yake. An kafa Sabo a 1916, amma littafin da aka fi ambata a kanta na Abner Cohen ne, wanda ya zauna a unguwar ya buga aikinsa a 1969. Ya yi ƙoƙari, sai dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa nan cikin Jami'ar Ibadan, wanda Kenneth Dike ya yi tsaye aka kafa a 1954, mota ɗaya ce daga Mokola. Mu nawa ne muka taɓa leƙawa? A gidajenmu kuma akwai wasiƙun kakanni, da rasiɗan jirgin ƙasa, da takardun filaye, ana barin su a akwati ruwa yana ci, ko a ƙone su da sunan shara. Gobe idan aka tambayi jikokinmu yaushe suka zo garin nan, da me za su amsa?

Don haka 'yan uwa, wanda ke da irin waɗannan takardu ya ɗauki hotonsu, ya tambayi tsofaffi tun suna raye, ya rubuta wanda ya ba shi labari da ranar da ya ba shi. Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mun sake haɗuwa.