Ƙara Daban, Ji Daban

Duk lokacin da aka tashi daga wa'azi ko walimar aure a Dutse, mahalarta suka koma gida suna ƙorafin ba su ji abin da aka faɗa ba, hukuncin da masu taro ke yankewa kusan ɗaya ne: a nemo amfilifayar da ta fi ƙarfi. Mai haɗa lasifika da ya san sana'arsa yakan girgiza kai idan ya ji haka, domin ya san inda gizo ke saƙar: wani ɗan allo ne da bai fi tafin hannu ba, a ɓoye cikin akwatin, wanda masu sana'ar ke kira kurosoba.

Tun da Dutse ta zama hedikwatar Jigawa a 1991, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya a 2011, taruka suka yawaita, bukatar kayan sauti ta ƙaru. Akwatunan da ake haya a unguwanni irin su Yalwawa da yawansu haɗin gida ne. Kafinta ya yanka katako, mai gyaran rediyo ya sayo wufa da tuwita a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ya ɗaura, ya liƙe wayoyi da dalma. A wajen raba wa waɗannan biyun aiki ne gwani ke bambanta da ɗan koyo.

Kunnen matashi mai lafiya yana kama sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma lasifika guda ba ta iya ɗaukar wannan faɗin yadda ya kamata. Wufa mai inci 15 ko 18 tana da nauyi, aikinta tura iska da kaurin sauti. Tuwita kuwa wayar cikinta siririya ce kamar gashi, tsinin sauti kaɗai take iyawa. Kurosoba ce ke raba musu: naɗin waya da ake kira kwayil yana barin kauri ya wuce zuwa wufa, kapasito yana tare kaurin ya bar tsini ya isa tuwita. Ga tuwita mai om 8, kapasito mai maikurofarad 6.8 yana fara tarewa a wajajen kaɗawa 3,000. Don rage tsada, wasu kan saƙala wannan kapasito guda su ce an gama.

Abin ya shafi Hausa kai tsaye. Karin harshe, wato hawa da saukar muryar da ke sauya ma'anar kalma, yana zaune ne a ƙasa, inda muryar babba ke kaɗawa sau ɗari zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Baƙaƙe irin su s da sh da ts kuwa suna can sama, cikin dubbai. Idan tuwita ta ƙone, wufa na ci gaba da ruri, shi ya sa ba a saurin lura. Na bayan taro sai ya riƙa jin malami kamar kalangu: karin maganar yana isowa, baƙaƙen sun zube a hanya. Sara da shara da tsara duk su kusan zama kalma ɗaya.

Me ke ƙona ta? Idan aka murɗa amfilifaya fiye da ƙarfinta, ko janareta ya ja baya, takan kasa kai wa ƙololuwar kiɗan ganga, sai ta guntule kan sautin. Wannan guntulewar tana haifar da tsinin da babu shi a asalin kiɗan, kurosoba kuma ta miƙa shi ga tuwita tare da sauran. Kauri ne ya ci bashi, tuwita ce ke biya.

Maganin da masana suka daɗe da sani shi ne a ba kowace tata amfilifayar. Hanya mai sauƙi ita ce a buɗe akwati, a yanke mahaɗar ɓangarorin kurosoba biyu, a fito da bakin waya huɗu maimakon biyu. Dole a raba har da baƙar waya, domin akwai amfilifayoyin da ke lalacewa idan nasu baƙaƙen suka haɗu. Hanyar da ta fi amfani ita ce a cire allon, a raba sautin tun kafin ya shiga amfilifaya, da na'ura irin wadda ke bin tsarin Siegfried Linkwitz da Russ Riley, injiniyoyin kamfanin Hewlett-Packard, wanda aka wallafa a 1976. A nan, ko ta kauri ta shaƙe, ta tsini na nan fes. Mai lura yakan bar babban kapasito a gaban tuwita don kare ta daga bugun kunna wuta, ya kuma daidaita ƙarfin biyun da kunne da haƙuri.

Dabarar ba ta masu hali ba ce kawai. A Kingston ta Jamaika, bayan yaƙin duniya na biyu, Hedley Jones, wanda ya koyi aikin rada a rundunar saman Ingila, ya ƙera wa masu kiɗan titi amfilifaya mai raba sauti kashi-kashi, da hannunsa, a shagonsa.

Wahalar mai sana'a a Yalwawa ita ce shawo kan mai kuɗi. Alhaji na iya ganin girman akwati, amma ba ya ganin kurosoba. Sai mai haɗin ya nuna ƙaramar amfilifaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ce za ta sa a ji maganar Malam." Sau da yawa amsar ita ce a ƙaro akwati biyu.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin tuwita ba. Sautin da ba a fahimta shi ake ƙara murɗawa, na gaba su tashi da kunne na ƙugi, mara lafiya a maƙwabta ya kwana ido biyu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren taro ya wuce desibel 100 cikin kowane minti 15. Akwatin da aka raba wa aiki daidai yana isar da magana ga dattijon da ke sahun ƙarshe tun ba a je kusa da wannan iyakar ba, kuma don a ji maganar ne aka tara mutane.