Wane Ne Jarumi?

Tun ina aji ɗaya babu abin da nake so kamar labarin jarumai. Idan aka kashe fitila a ɗakin kwananmu, ni ne mai ba abokaina labari. Nakan ba su labarin Bayajida, wanda ya iso Daura da dare, ya kashe macijin nan Sarki a rijiyar Kusugu, ya kuma auri Daurama. Nakan ba su na Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da na Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934. A cikin waɗannan labarai jarumi yana da doki da takobi, ba ya ja da baya, kuma idan ya gama aiki maroƙa su yi masa kirari.

Mu mutanen ƙasar Haɗeja ba sai mun yi aron jarumi ba. A watan Afrilu na 1906 sojojin Turawa suka zo wa garin Haɗeja da bindigogi da igwa. Sarki Muhammadu ya san kibiya da mashi ba za su ja da igwa ba, amma ya ƙi miƙa wuya, ya tsaya shi da manyan fadawansa har aka kashe su. Shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Da na ji wannan tarihi sai na ce a raina, lalle mazaje sun ƙare, mu kam mun zo a makare.

Akwai wani abin kunya da na yi, zan faɗe shi ko wani zai ƙaru. Mahaifina manomin shinkafa ne a wani ƙauye na ƙasar Malam Madori, kusa da fadama. Yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ran wata ziyarar iyaye, ga iyayen wasu da motoci, sai ga Baba ya shigo da tsohon kekensa, ya ɗauro mini ƙullin garin kwaki da ƙuliƙuli. Wallahi sai da na laɓe a bayan aji har abokaina suka watse, sa'an nan na fito na gaishe shi. Ya gane, amma bai ce kome ba.

Da dare na kasa barci, na yi ta tunanin asalin ɗingishin nan. A damunar 2022 ruwa ya yi yawa, kogin Haɗeja ya cika ya batse, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Gonaki suka nutse, gidajen ƙasa suka yi ta rushewa. Abin da ya raba ƙauyenmu da ambaliya jinga ce kawai ta buhunan ƙasa. Wata rana da tsakar dare aka yi shela cewa jingar ta tsage. Aka kwashe mata da yara zuwa tudu, har da ni. Baba da wasu magidanta suka shiga ruwa har ƙirji cikin duhu, suna miƙa buhu hannu da hannu har gari ya waye. A nan wani tsohon ƙarfe ya yanke shi a ƙafa, bai kuwa fito ba sai da aka toshe ɓarakar. Ƙauye ya tsira, amma shinkafarsa duk ta tafi, ko tiya ɗaya bai samu ba.

Da aka yi hutu na tambaye shi, na ce, "Baba, ba ka ji tsoro ba a daren nan?"

Ya yi dariya, ya ce, "Kai yaro, har gwiwoyina rawa suke yi. Amma in kowa ya bi tsoronsa, ina za ku kwana?"

Wannan magana ta sa na sake duban littattafaina. Ashe Bayajida ma a kan ruwa ya yi suna, don mutanen Daura ba sa samun ɗiba sai ranar Juma'a. Sarki Muhammadu kuwa bai ci yaƙi ba, amma ba a manta da shi ba, saboda ya tsaya a ranar da gudu ya fi sauƙi. To, ashe doki da takobi kayan aiki ne kurum, kamar yadda buhu da shebur suke. Jarumi shi ne wanda yake da hanyar tsira, ga tsoro a zuciyarsa, amma ya tsaya domin wasu. Bambancin kawai shi ne, na littafi ana yi masa kirari, na ƙauyenmu kuwa ɗan cikinsa ne ya ɓuya don kada a gan su tare.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu duba gidajenmu da kyau kafin mu ce mazaje sun ƙare. Ni dai na roƙi Baba gafara, ya ce ya yafe tun a ranar. In Allah ya kai mu ziyara mai zuwa, a bakin ƙofar makaranta zan tarye shi, ni zan tura masa keken har gaban ajinmu. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, amin.