Tashar jirgin ƙasa ta ajinmu

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Damargu ba. Dogo ya iso Kano a shekarar 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, amma bai ƙetaro iyaka ba. A ƙasarmu sai tsakanin 2014 da 2016 aka shimfiɗa ƙarfe daga Yamai zuwa Doso. A 2021 kuma aka aza harsashin dogon da zai haɗa Kano da Maraɗi, mai tsawon kilomita 284. Mu nan Ollelewa, abin da muka sani shi ne raƙumi da amalanke da manyan motocin da ke bin hanyar Damagaram zuwa Tanut.

Duk da haka muna da tasha a ajinmu. Tana bisa wani katako mai tsawon mita 2, a ƙarshen aji. Ni da ƴan makarantata muka gina ta.

Yara, ku kun fi ni iya motar kara. Kuna fere ɓawon, ku yanka farin abin nan mai taushi na ciki, ku soke su, sai ga mota har da ƙafafu. Jirgi ma bai ba ku wuya ba: gwangwanin kifi tarago ne, murfin kwalba ƙafa ce. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gine-ginen da ke bakin dogo. Jirgi wucewa yake yi. Ɗakin jira da mangaza da tankin ruwa su ne ke zama tare da mutanen gari.

A makarantar horar da malamai ta Damagaram aka koya mini cewa kafin a ƙera ƙaramin abu, sai an tsai da ma'auni guda. A Turai akwai manyan mutane, har masu furfura, da ke wannan wasa. Yawancinsu suna rage kome sau 87, faɗin dogonsu kuwa milimita 16 da rabi ne. Mu sai muka zaɓi 50, don lissafinsa ya fi sauƙi: mita ɗaya ta gaske, santimita 2 ce a bisa katakonmu.

Ba da gini muka fara ba. Mutum muka fara ƙerawa da yumɓu. Namiji mai tsawon mita 1 da santimita 70, a wurinmu bai wuce santimita 3 da milimita 4 ba. Muka sa masa suna Maigida. Kowane gini aka gama, sai a kai Maigida bakin ƙofa. In ƙofa ta fi shi sau uku, an yi wa raƙumin dawa ɗaki ke nan. In kuwa kansa ya bugi sama, sai a rushe a sake. Ƙofa mai mita 2, santimita 4 take zama. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe na sabon dogo milimita 1.435 ne; da muka raba da 50, sai muka samu kusan santimita 3.

Kayan aiki duk na gida ne. Ƙaro shi ne abin liƙinmu, a jiƙa shi tun da dare. Ƙayar aduwa ita ce ƙusa. Bangon ɗakin jira na laka ne, an kwaɓa ta da ƴar ƙaiƙayi don kada ta tsage. Rufin mangaza ya fi ba ni sha'awa. In ka ɗan jiƙa kwali, ka ɓare takardar sama a hankali, za ka ga ta ciki tudu da kwari, sak kwanon rufi. Wata yarinya ce ta gano haka tana wasa da kwalin sabulu. Tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo kuwa, rairaye ta muka yi da rariya, don ƙwaya mai girman wake a nan dutse ne da mutum ɗaya zai sha wuyar ɗauka.

Wani abin ba sai an ƙera shi daga farko ba, gyara kawai yake bukata. Ƙaramin gwangwanin tumatir faɗinsa kamar santimita 5 ne. Aka kankare rubutun, aka ɗora shi bisa ƙafafu huɗu na kara, aka yi masa tsani da tsinken tsintsiya. Ya zama tanki mai faɗin mita 2 da rabi. Kwalin ashana da aka huda masa taga ya zama ɗakin mai sayar da tikiti.

A kan tankin nan aka yi gardama. Jiragen da, masu cin gawayi, da tururi suke tafiya, shi ya sa ake kafa musu tanki a tasha. Na yanzu gazuwal suke sha. Wasu suka ce, to, a cire tankin. Wasu suka ce a Damargu wurin da babu ruwa ba wanda zai zauna jiran jirgi, balle dabba. Na goyi bayan na biyun. Har muka ƙara kwamin shayar da dabbobi a gindinsa.

Daga nan tashar ta daina kama da ta cikin hoto. Hotunan da na nuna musu na tsohuwar tashar Kano ne, da dalar gyaɗa, buhu bisa buhu ana jiran tarago. Mu kuwa hatsi gare mu da dabbobi. Sai mangazarmu ta zama ta gero, tsawonta santimita 40, wato mita 20, ƙasanta a ɗage saboda gara da ruwan damina. Muka yi dakali mai gangara inda shanu za su hau tarago. Ta gabas muka kafa shingen tsinke, don kowa ya san yadda iska ke tara rairayi a bakin katanga da rani.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne burtali. Makiyaya suna hawa arewa da damina, su gangaro bayan an cire amfanin gona. In dogo ya ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa, dole wata rana garke ya ƙetare shi. Saniya ba ta san usur ba, jirgi kuma ba ya tsayawa nan take kamar jaki. In an toshe burtali kuwa, dabbobi gona za su faɗa, kun kuma san abin da ke biyo baya tsakanin manomi da makiyayi.

Saboda haka muka ɗaga dogon bisa tudu, muka bar mashigi a ƙarƙashi. Tsayinsa fa? Wani yaro ɗan makiyaya ya ce kada a auna da saniya, a auna da raƙumi da mahayinsa. Muka ƙera raƙumin yumɓu, muka ɗora Maigida a kai. Muka bar mita 4, wato santimita 8. Faɗin kuwa ya ce sai shanu biyar sun iya wucewa kafaɗa da kafaɗa, ƙahonsu bai taɓa bango ba. Ya kawo igiya ranar kasuwar Bakin Birji, ya auno ƙahon wani bijimi da izinin mai shi.