Ruwan Jinbar a Duwatsun Habasha

A arewacin ƙasar Habasha akwai wasu manyan duwatsu da ake kira Simiyan. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Ras Dashan, mita 4,550. Ya ninka dutsin Bagazam na Abzin har da ɗori. A shekara ta 1969 gwamnatin Habasha ta keɓe wurin, ya zama gandun daji na ƙasa. A cikin gandun ne gulbin Jinbar yake faɗowa daga bisa dutsi zuwa cikin wani ƙwari mai zurfi. Tsawon faɗuwar ya kai wajen mita 500.

Yadda ake zuwa

Mai son ganin ruwan yana tasowa daga birnin Gondar. Ya yi kilomita 100 a mota, ya sauka garin Dabark. Nan ofishin gandun yake. Zai biya kuɗin shiga, a haɗa shi da mai tsaro ɗauke da bindiga. Ba a shiga sai da shi. Daga nan mota ta kai baƙo zangon Sankabar. Sauran tafiya sai da ƙafa. Manoman yankin suna ba da hayar alfadarai, su ɗauki tanti da abinci.

Hanyar tana bin bakin gaɓa. Ga dutsi hannu ɗaya, ga rami ɗaya hannun. Saboda tudu, iska ba ta isar mutum, numfashi yana wuya. Shi ya sa ake tafiya sannu-sannu, ana hutawa. A bakin hanya ana iske garken wani biri mai jan ƙirji, sunansa jelada. Yana zaune yana tsinkar haki da hannu yana ci. Ba a samun irinsa ko'ina a duniya sai Habasha.

Bayan ƴan awowi sai a kawo wata siririyar hanya bisa dutsi. Daga ƙarshenta ake hangen ruwan can tsallaken ƙwari, fari kamar zaren kaɗa. Da damana, daga Yuni zuwa Satumba, yana da ƙarfi ƙwarai. Da rani kuwa sai ya rame. Daga nan a tsallaka gulbin, a hau tudu zuwa zangon Gic, mita 3,600. Can ake kwana. Da dare sanyi yana sa ruwa ya daskare.

Ina ruwan yake fitowa?

Bisa duwatsun akwai fili mai haki da yawa. In an yi ruwan sama, saiwar haki ta riƙe shi, ta riƙa sakin shi kaɗan-kaɗan. Ruwan Simiyan yana gangarawa kogin Tekeze, ya shiga Sudan ta yankin Gadarif, inda Hausawa da yawa suke noma. Daga can ya bi kogin Atbara, ya faɗa Nilu.

To, tun kaka da kakanni akwai mutane bisa duwatsun. Suna noman sha'ir, suna kiwon tumaki da shanu da dawaki. Da jama'a ta ƙaru, gonaki suka hau gangare, bisashe suka cinye haki. Ruwa ya riƙa kwashe ƙasa. Wata akuyar daji mai manyan ƙahoni, waliya, wadda babu ita sai a Simiyan, ta yi ta raguwa. A 1978 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin wuraren tarihi na duniya. A 1996 ta ce yana cikin haɗari.

Abin da ya sami mutanen Gic

A 2016 aka tashi ƙauyen Gic da ke tsakiyar gandun. Gidaje sama da 400 suka koma Dabark, aka biya su diyya. A 2017 UNESCO ta cire gandun daga jerin wuraren da ke cikin haɗari. Haki ya fara komowa a tsofaffin gonaki.

Amma abin bai zo wa mutanen da sauƙi ba. Manomin da ya saba cin hatsin rumbunsa, a gari sai ya saya da kuɗi. Makiyayi ba shi da wurin kiwo a tsakiyar gari. Wasu sun koma neman abinci wajen baƙi masu zuwa kallo, amma wannan aiki ba kullum ake samun shi ba. Lokacin cutar korona a 2020, da yaƙin arewacin Habasha da ya biyo baya, baƙi sun yi ƙaranci.

Wannan labari abin dubawa ne ga manomi da makiyayi ko'ina. Ƙasar da aka bari tsirara, ruwa ba ya zama cikinta. Mutanen wuri su ne ya kamata su fara tsaron haki da itace, su tsara kiwo da kansu tun da sauran lokaci. Hukuma kuma, in za ta keɓe daji, ta fara shawara da masu wurin, ta tanadar masu abin yi kafin ta tashe su.