Amosanin Gefen Hanci

Kowa ya san amosanin kai, amma ba kowa ya san yakan sauko har fuska ba. Wurin da ya fi so shi ne lungun da ke tsakanin hanci da kunci, sa'an nan gira, da bayan kunne, da cikin gemu. Sai wurin ya yi ta ƙaiƙayi, yana zubar da ɓawo kamar dusa. Ga mai farar fata, ja yake yi. Mu kuwa baƙaƙe, sau da yawa koɗewa yake, ya fi sauran fuska haske. Nan ne tsoro ke shigowa, gama mutanenmu in sun ga tabo mai haske a fuska, kuturta ce ke fara faɗo musu a rai. Na san wani saurayi a unguwarmu wanda dangin yarinya suka jingine maganar aurensa wata 4 saboda wannan kaɗai.

To, ga bambancinsu. Tabon kuturta galibi ba ya ƙaiƙayi, ba ya ɓawo, kuma in an shafa shi da auduga, mai shi yawanci ba ya ji. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tafi asibiti a duba shi. Kuturta tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne.

Ni kaina kowane hunturu sai amosanin nan ya ziyarce ni, balle in aiki ya yi yawa, barci ya yi kaɗan. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa wurin wani. Asalinsa wata ƙwaya ce, dangin yis ɗin burodi, wadda ba a ganinta sai da madubin likita. Wani Bafaranshe, Malassez, ya bayyana ta a 1874. Tana kan fatar kowane baligi, tana cin maiƙon jiki, sai dai fatar waɗansu ba ta jure mata. Saboda haka wanda ya lafta wa wurin man zaitun ko man gyaɗa, abinci ya kai mata. Wanda kuma ya dirje shi da soso da sabulu mai zafi, ya ƙara wa wuta itace.

Abin da ke yi mini aiki shi ne man shafawa da ake kira ketokonazol, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. Akan wanke fuska da ruwa mai ɗumi, a tsane ta a hankali, a shafa kaɗan safe da dare, mako 2 zuwa 4. Akwai sabulun ruwa na wannan magani don kai da gemu. Sau 2 a mako, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye. In ƙaiƙayi ya tsananta, likita yakan ƙara haidirokotizon na 'yan kwanaki.

Amma ina gargaɗinka, ya mai karatu, game da mayukan nan masu ƙarfi na kasuwa, irin waɗanda ake bilicin da su. Cikin kwana biyu za su kwantar da wurin, har ka sa wa mai kanti albarka. Daga baya fatar ta yi laushi kamar takarda, ƙuraje su feso, ran da ka daina kuma ciwon ya komo ya fi na da.

Amosani ba ya tafiya ɗungum, lallaɓa shi ake. In ya lafa, wanke kai da sabulun nan sau ɗaya a mako yakan tsare shi. Hasken da ya bari yakan yi makonni, wani lokaci watanni, kafin launi ya komo. In kuwa an cika mako 4 ba sauƙi, ko ya bazu farat ɗaya har ƙirji, a koma wurin likita a auna jini, gama wani lokaci alama ce garkuwar jiki ta yi rauni.