Ɗanwaken Kaka da nawa

Ina 'yar shekara tara gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, a farkon 1987. Burodi ya yi tsada ya kuma ƙanƙance, mazan unguwarmu suna ta ƙorafi a teburin mai shayi. Mu a cikin gida ko a jikinmu, domin Kaka ba ta taɓa lissafa fulawa cikin abinci ba. Alkama a wurinta ta sha'ani ce: alkakin gara, funkason sallah, shi ke nan.

Ɗanwakenta wake ne da dawa da busasshen rogo, ni ce mai kaiwa inji. Wannan gari ba shi da danƙo ko kaɗan, kuka ce ke riƙe shi, da ruwan kanwar da aka jiƙa tun dare. Takan kwaɓa, ta ɗago ƙullin da yatsu uku ta duba yadda yake saukowa, sannan ta ce, "Ƙaro kuka, 'yar nan, in ba kunu kike so mu sha ba." Gaskiyarta, in kuka ta gaza narkewa yake yi a tukunya. In ya yi daidai kuwa sai ya taso saman ruwa, a tsame a ɗauraye, a zuba man gyaɗa da yaji. Wanda ya ci da hantsi ba ya neman komai sai la'asar.

An ɗage haramcin a 1992. Kafin in yi aure fulawa ta cika kowane shago, ana awonta a kwano kamar gero. Maƙwabciyata ce ta fara zuga ni: "Amarya, wa ke wahalar inji yanzu? Fulawa kawai, ki ɗan barbaɗa kuka." Na bi shawara, sai dai na buga ƙullin da ƙarfi yadda na ga Kaka tana yi. Abin da ya fito roba ce. Maigida ya yi ta tauna bai ce uffan ba, kunyar amarci ta cece ni. Daga baya na gane alkama da nata danƙon take zuwa, wanda likitoci ke kira gulutin, kuma gwargwadon bugu gwargwadon taurinsa. Na koyi kwaɓi sama-sama, na shekara ashirin ina yi. Ga sauri ga santsi, amma in ka cire mai da yaji babu abin da harshe zai kama, kuma waken ma sunansa kawai ya rage.

'Yar ƙanwata ce ta mayar da ni inji. Gudawa da kumburin ciki da rama suka sa ta a gaba, sai da aka yi gwaji likita ya ce hanjinta ba ya jure gulutin: babu alkama, babu sha'ir, har abada. Dangi suka riƙa cewa, "Ai ɗan cokali ɗaya ne na fulawa, don ƙullin ya kama jiki." Cokalin nan ya isa ya kwantar da ita. Hatta mai inji sai na tambaye shi ko ya niƙa alkama kafin nawa.

'Yar'uwa, in kin sa fulawa a ɗanwakenki ko ƙullin wainarki, ki faɗa kafin ki miƙa wa baƙo kwano.