Ɗari na Me?

Duk wanda ya taɓa sayen aya a kasuwar Agye, ko wake a Gazawa, ya san lambar da baki ke faɗi ba ita ke rubuce a jikin kuɗi ba. Mai awo ya ce dala ashirin, tsabar da za a miƙa masa kuwa 100 take ɗauke da shi, domin dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa. In ya ce ɗari, 500 yake nufi. Jika kuwa 1000. Ɗan ƙasa kan yi wannan juyi a ransa bai ma lura ba. Kwamfuta ba ta da wannan kunne.

Saboda haka magatakardan ƙungiyar manoma, mai shigar da ciniki cikin manhaja, tafinta ne. In ya ji ɗari ya buga 100, manomi ya rasa kashi huɗu cikin biyar na guminsa, jimla kuma ta fito ba tangarɗa.

Iyaka ta zo da nata rikicin. Ɗan kasuwar Gidan Rumji da ke hulɗa da Najeriya yana karɓar takardu iri biyu. A Faransanci waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. A Ingilishi dubbai yake rabawa. Tun 1999 yuro ɗaya sefa 655,957 ne a rubutun Faransanci, wato 655 da ’yan kai. Manhajar da aka saita da Ingilishi sai ta karanta dubu 655.

Masu tsara manhajojin kasuwanci sun daɗe da sanin haɗarin. Kwamfuta da sifiri da ɗaya take ƙirga, kuma a wannan tsari ɗaya bisa goma ba ya ajiyuwa cif. Shi ya sa COBOL, harshen na'ura da aka ƙirƙira a 1959, yake ajiye kuɗi a ƙirgen goma-goma, wasu manhajojin kuma suke ajiye shi a ƙwayarsa mafi ƙanƙanta. A ƙa'idar ISO 4217 sefa ba ta da gurbin ɓurɓushi, naira kuwa tana da gurbi biyu na kwabo. To, 1000 a rumbun irin wannan manhaja jika ɗaya ne in sefa ce, naira goma in kwabo ne.

Ɗalibin kimiyyar harshe ya san kalma ba ta da ma'ana sai an san mai faɗinta da inda ya faɗe ta. Lamba ma haka take. Kafin magatakarda ya taɓa maɓalli, haƙƙin manomi ne a tambaye shi: ɗari na me?